Finjalin Aristeu

Ba agogo ke tashe ni ƙarfe huɗu ba,
gwiwa ce, ta hagu, mai saurin fushi,
sai ƙugu ya amsa mata daga ƙarƙashin bargo
kamar maƙwabtan da suka saba faɗa ta kan katanga.
Ni Zulmira in lallaɓa, in dafa bango,
in hura wuta, in ɗora ruwa.

Shekara arba'in da ɗaya ina tsinkar 'ya'yan nan
a gangaren tuddan Minas, kwando ɗaure a ciki.
Tudu ya cinye guringuntsin gwiwata,
buhu ya mayar da bayana lauje,
mai gona ya sayi mota, ni na sayi sanda.
Abin da ya karya ni, shi nake tacewa a ƙyalle,
in sha da zafinsa, in ce masa sannu da zuwa.

Finjalin farko na kai ne, kafin ya fara sara.
Na biyu na kora ƙwaya.
Na uku ba nawa ba ne, na Aristeu ne,
shekara tara da binne shi ina zuba masa,
in ajiye gaban kujerarsa mai gajeriyar ƙafa,
in ya huce bai sha ba, ni in shanye,
don a gidanmu ba a zubar da gahawa.

Na huɗu bayan wake da shinkafa.
Na biyar in ƙararrawar coci ta buga shida.
Daga nan sai dare ya zauna a bakin gado,
ido biyu, ni da shi,
zuciya na sukuwa, ƙafa na rawa.

Likita Valdirene, yarinyar da na san kakarta,
ta juya gwiwata a tafin hannu, ta ce:
"Dona, finjalin nan ke sace miki barci,
jikin da bai yi barci ba kuwa,
ko ƙaya ta soke shi, mashi yake ji."
Na ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
Ta ce, "Gaskiya ne. To nawa kike sha?"
Na ce biyu. Ta dube ni. Na dubi tagar asibiti,
kunya ta kama ni kamar 'yar goma sha uku a gaban uwa.

Na gwada bari gaba ɗaya, don taurin kai.
Kwana uku ana sassaƙa turmi a cikin ƙoƙon kaina.
Na zagi kyanwa, na zagi rediyo,
na yi kuka don cokali ya faɗi.
Ran na huɗu na koma wa gwangwani da rarrafe.
Sabo turken wawa, an faɗa,
amma ba a faɗi daɗin inuwar turken ba
ga wanda ba shi da wurin zuwa.

Jikata Jucélia ta shiga dabara:
tana cakuɗa mini da wadda aka zare wa ƙarfi,
cokali ɗaya yau, biyu wani mako.
Ni da na san ƙwayar nan tun tana fure!
Hancina ya kama ta tun ran farko.
Na yi shiru. Na ce kai, ta yau da daɗi.
Ta juya baya tana murmushi, ni ma haka,
kowa na ɓoye wa kowa.

Na biyar ya tafi a watan ruwa.
Saura na uku.
Ran Talata na ɗauke shi da hannu biyu,
na sauka matakala uku, kowacce da tata addu'a,
na je gindin gwaibar da ya dasa,
na ce, tsoho, karɓi abinka,
na gaji da sha maka.
Ƙasa ta shanye ba musu, ba godiya,
ɗabi'arsa sak, ko a mutuwa.

Jiya sai biyar da rabi na farka.
Gwiwar na nan, ba ta yi hijira ba,
ta dai rage murya.
Na zauna ina jin zakaran maƙwabta
da na riga tashi shekara tara,
yau shi ya riga ni.
Na ɗora ruwan finjali ɗaya,
na tsaya a kansa, ina jiran tafasowa.